Yadda Sifaniyawan dā suka ɗauki baƙon namiji

Wane ne cikakken namiji a Sifaniya ta ƙarni na 16 da na 17?

Mai takobi a kugu, mai kishin matan gidansa, kuma mai "tsarkin jini", wato babu Bayahude ko Musulmi cikin kakanninsa. Babban cocin birnin Toledo ya gindaya wannan sharaɗi na tsarkin jini ga masu neman muƙami a 1547. Aikin hannu kuwa, manya ƙasƙanci suka ɗauke shi.

To baƙi fa?

Kowa da tambarin da aka manna masa. Bafaranshe shi ne ɗan koli, mai washin wuƙa, ɗan ga-ruwa. Attajiran Jenowa, wani birni a Italiya, da ke ba sarki rance an ce su ke tsotse azurfar da ake kwasowa daga nahiyar Amurka. Ɗan Italiya kuma an jingina masa son kwalliya da luwaɗi, haka Baturke da Musulmin Arewacin Afirka.

Maganar baka ce kawai?

Ina! A 1524 Fafaroma Clement VII ya ba kotun binciken aƙida ta yankin Aragon ikon shari'ar luwaɗi. A Zaragoza da Barcelona da Valencia, Faransawa da Italiyawa da bayi da jikokin Musulmin da aka tilasta wa Kiristanci sun yi yawa cikin waɗanda aka gurfanar. Hukuncin bulala ne, ko tuƙa jiragen ruwan yaƙi, wani lokaci ƙonawa. Abin takaicin, baƙo ba shi da dangin da za su tsaya masa, ga zargi ya riga shi shiga kotu.

Me ya kawo wannan ƙyama?

A ganina tsoro ne. Daula na ja da baya, masu wa'azi suka ce kwalliyar ƙasashen waje ce ta mayar da maza mata. A 1623 Sarki Philip IV ya hana wuyan riga mai tattara, a 1639 aka hana maza barin dogon gashi. Alhali ciwon na wani wuri: yaƙin Holan da ya ƙi ƙarewa, da bashin da ya sa masarauta ta kasa biya a 1557 da 1575 da 1596 da 1607.

Abin ya gushe daga baya?

Bai gushe da wuri ba. A 1766 minista Esquilache, ɗan Italiya, ya hana doguwar alkyabba da malafa mai faɗi, shigar da 'yan ƙasa suka saba da ita. Mutanen Madrid suka yi bore, ala tilas Sarki Carlos III ya sallame shi.