Garin amino asid ba ya maye gurbin ruwa da gishiri

Masu gudun dogon zango da 'yan tseren keke da yawa sun yi imani cewa garin amino asid (sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin), musamman wanda ake kira BCAA, wato haɗin amino asid guda uku, yana riƙe ruwa a jiki, yana kuma korar gajiya. Ga tsada, amma ana ta saye.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1980, Eric Newsholme na Jami'ar Oxford ya yi hasashen cewa waɗannan amino asid guda uku za su iya rage gajiyar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa. Hasashen ya kama hankali, sai dai da aka gwada a kan 'yan wasa, yawancin gwaje-gwajen ba su nuna ƙarin sauri ko juriya ba.

Abin da gumi ke kwashewa ruwa ne da gishiri, su ne kuma jiki ke nema a mayar masa. Hanji ya fi saurin tsotsar ruwa idan gishiri da sukari sun haɗu a ciki, dabarar nan ta ruwan gishiri da sukari da ake bai wa yaro mai gudawa. Ƙarfin tsoka kuwa daga sukari da kitse yake fitowa, na furotin kaɗan ne. Shi ya sa ake shawartar wanda gudunsa ya wuce awa ɗaya ya riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Dabino ko ayaba sun isa.

Aikin amino asid gyaran tsoka ne bayan an gama, kuma ƙwai da wake da nono suna ɗauke da shi.