Ƙwaƙwalwa ba ta ajiya kamar kwamfuta

A Damagaram an daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa kamar kwamfuta take, abin da ido ya gani ya zauna daram. Ɗalibin da ya haɗa karatun kwamfuta da kimiyyar tunanin ɗan Adam tun da wuri yake gane bambancin. Kwamfuta tana mayar da fayil yadda aka ajiye shi, harafi da harafi. Mutum kuwa in ya tuna abu, sake harhaɗa shi yake daga gutsattsari, har abin da ya ji daga baya ya cuɗu ciki, alhali ba ƙarya yake ba.

Ku gwada: ku rubuta abin da kuka gani a hawan salla a Birni, ku adana takardar, bayan wata 3 ku sake rubutawa ku kwatanta. Don Allah ku tura wa ƴan uwa wannan bayani.