Shaye-shaye da rashin barci: wanne ke jawo wani?

Shaye-shaye ne ke hana barci, ko rashin barci ne ke tura mutum shaye-shaye?

Kowanne na jawo ɗan uwansa. Mutum ya jera kwanaki bai runtsa ba, sai a miƙa masa ƙwaya ko kwalba don ya samu sauƙi. Daren farko ta yi aiki. Da jiki ya saba sai ya nemi ƙari, ranar da bai sha ba kuwa barcin ya ƙaurace masa fiye da da.

To ai giya tana sa barci, ko ba haka ba?

Tana sa mutum ya bingire da wuri, amma barcin ba mai hutar da jiki ba ne. Tana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, in ta fara barin jini da tsakar dare sai farkawa ta yawaita. Tana kuma sakin naman maƙogwaro, minshari ya ƙaru. Tramadol da kodin suna rage barci mai nauyi, suna iya sa numfashi ya riƙa ɗaukewa mutum na kwance bai sani ba. Nikotin na sigari da kafeyin na kofi da shayi kuwa wartsakar da ƙwaƙwalwa suke yi. Rabin kafeyin da aka sha yana nan a jiki bayan kimanin awa 5.

Na daina sha, amma barcin ya ƙara lalacewa. Me ya sa?

Nan ne wurin da ya fi damuna, domin nan mutane da yawa ke karaya. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon barci da kanta. Wanda ya bar wiwi yakan yi makonni da rashin barci da mafarkai masu tayar da hankali, na giya kuwa yakan kai watanni. Bincike ya nuna rashin barci na cikin abubuwan da ke sa masu barin giya su koma ruwa. Don haka a faɗa wa likita tun farko, a yi maganinsa tare da na shaye-shayen.

Ƙwayar barci fa?

Irin su diazepam, wato Valium, na ɗan lokaci ne, galibi mako 2 zuwa 4, saboda su ma suna kama jiki. Haɗa su da tramadol, kodin ko giya na iya tsayar da numfashi. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci kada ya yanke lokaci guda, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Mene ne maganin ke nan?

Wanda ke kasa barci dare 3 a mako har tsawon wata 3, abin da ake fara ba shi horo ne na gyara ɗabi'a da tunani, mai suna CBT-I. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa shi gaba da ƙwaya. Yakan ɗauki zama 4 zuwa 8: tashi a lokaci ɗaya kullum ko daren ya yi muni, barin gado in barci ya ƙi zuwa sai an ji gyangyaɗi a dawo, rage barcin rana, da koyon kwance fargabar nan ta "yau ma ba zan yi barci ba".