Wai ginin ƙarfe ba ya faɗuwa?

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana yawo a wajenmu, musamman bakin masu kafa rumfar injin casar shinkafa a su Kura da Haɗejia, wai in dai ƙarfe ne shikenan babu abinda zai kayar da shi. Wallahi ba haka bane.

Gaskiya ne ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, kuma gininsa bai kai na kankare nauyi ba, shi yasa yake jure girgizar ƙasa. Amma matsalar a mahaɗa take. A girgizar Northridge ta Amurka a 1994, gine-ginen ƙarfe da yawa walda ce ta tsage daidai inda ginshiƙi ya haɗu da bim, wato ƙarfen da ke kwance a kan ginshiƙai. Dusar ƙanƙara kuwa danne rufi take, a Janairun 2006 ta taru kan wani zauren baje koli a Katowice ta ƙasar Polan ya rufta, mutum 65 suka rasu.

Za ka ce mu ina ruwanmu da ƙanƙara? To namu iskar farkon damina ce, ita ɗaga rufin take sama kamar lema, in notin da ya riƙe ƙafar ginshiƙi da fandisho ƙanana ne, ko mai walda ya cire ƙarafunan nan na gicciye don a rage kuɗi, sai ka tarar da kwanonka a gonar maƙwabci. Ga tsatsa a gindin ginshiƙi inda ruwa ke kwanciya, tana cinsa bayan buhunan shanshera ba wanda ya lura.