Aikin Sa Kai na Kula da Yara Makafi Masu Wata Nakasa a Sudan

Wannan aiki hidima ce da likitocin ido da malamai da ma'aikatan jinya kan bar garuruwansu su zo su yi ba don albashi ba, wasu a ƙarƙashin ƙungiyoyin Musulunci, wasu a ƙarƙashin mishan. Yaran da ake nufi su ne waɗanda makanta ta haɗu musu da wata larura, kamar kurumta ko farfaɗiya ko shanyewar gaɓoɓi.

A Sudan aikin ya shafi Hausawa, domin suna da yawa a Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, da Gadarif da Kassala da ƙauyukan Jazira. Da dama cikinsu jikokin alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sau da yawa ciwo ɗaya ne ke haifar da larurorin biyu. Sanƙarau kan tafi da ji da gani tare. Cutar rubella, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mai ciki, jariri kan zo da yanar ido da kurumta da ciwon zuciya. Ƙyanda kuwa, idan ta tarar da yaro da ƙarancin sinadarin bitamin A, sai ta lalata baƙin idon. Dundumi shi ne alamar farko ta wannan ƙarancin, kuma abin baƙin ciki ne yadda ake raina shi. Akwai kuma yaron da idonsa lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen doguwar naƙuda, ba ta iya fassara abin da idon ya kawo mata.

Aikin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne tiyata. Gidauniyar Al-Basar, wadda aka kafa a Saudiyya a 1989, tana da asibitocin ido masu suna Makka a Sudan da Kano, tana kuma kafa sansanonin cire yana. Ga jariri, jinkiri hasara ce: idan yana ta daɗe, ko an cire ta gani ba ya dawowa sosai.

Na biyu shi ne reno, kuma a nan nauyin yake. Rubutun Braille mai ɗigo shida, wanda makarantun makafi irin Ma'ahad An-Nur na Khartum Bahri ke koyarwa, yana buƙatar yatsu masu ji, kuma a aji galibi ta sauraron malami ake koyonsa. Yaron da ba ya ji ba ya gani sai ta tafin hannu ake masa magana. A miƙa masa cokali ya gane lokacin abinci ya yi, a taɓa masa buta ya san wanka za a yi. Ana iya shafe watanni kafin alama ɗaya ta zauna. Shi ya sa baƙon da ya zo na mako biyu bai cika barin komai ba, sai in ya zauna da uwar yaron ya koya mata. Harshe ma shamaki ne, don akwai tsofaffi masu riƙon jikoki da Hausa ta fi musu Larabci sauƙi, kuma 'yar sa kai da za ta ce "Inna, kawo hannunsa nan" ta fi tafinta amfani.

Al'adar gida tana da nata tanadi. Makaho mai kaifin hadda yana da daraja a halwa, wato tsangayar Sudan, har ya zama alaramma. Amma wannan ƙofa ta mai ji da magana ce. Sauran akan bar su a ɗaka.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa yawancin wannan hidima. A gidan marayu na Maigoma da ke Khartum, inda akwai yara masu nakasa, gommai sun rasu a makonnin farko. A watan Yuni ƙungiyar Red Cross ta duniya ta kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani. A Disambar shekarar yaƙin ya iso can ma, aka sake ɗaukar su.