Intanet na gudu, me ya sa murya ke makara?

Mene ne "ms" da ake gani idan an gwada saurin intanet?

Milisakan ke nan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Lambar da ke tare da shi, wadda ake kira ping, lokacin da ɗan saƙo ya ɗauka ne ya je wata kwamfuta ya dawo. A nan ƙaramar lamba ake so: 20 ta fi 200.

Ashe ba megabit ne saurin ba?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Megabit yawan kayan da hanya ke ɗauka cikin sakan ɗaya yake aunawa, jinkiri kuwa daɗewar tafiya ne. Faɗaɗa titi ba ya rage nisan gari. Haske a cikin wayar gilashi, irin igiyar da ke ɗaukar saƙonnin intanet a matsayin haske, yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka saƙon da zai yi tafiyar kilomita 10,000 sai ya ci milisakan 50 zuwa, 50 dawowa, tun kafin na'urorin da ke hanya su ƙara nasu. Sayen ƙarin megabit ba zai rage wannan ba. Idan ta tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 ne, tambaya da amsa na cin kusan rabin sakan. Shi ya sa kake ganin wakilin talabijin na gyaɗa kai shiru bayan an gama yi masa tambaya.

Jinkiri nawa hira ke jurewa?

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne. Ya zarce haka sosai, sai ku fara cin karo, kowa na cewa "ci gaba".

To murya mai yankewa fa?

Wannan tangal-tangal ɗin jinkiri ne, kuma a ganina ya fi jinkirin kansa ɓata hira. Gutsure-gutsure ake aika murya, galibi ɗaya duk milisakan 20. Wani ya iso da wuri, na bayansa ya makara. Wayarka takan tara su ɗan lokaci ta jera kafin ta sake maka, amma wanda ya makara fiye da kima zubar da shi ake yi, gurbinsa ne kake ji kamar an haɗiye kalma.