Ɗumamar Ilektaron a Filazmar Katod

Filazmar katod wani tururin ƙarfe ne mai tsananin zafi da ke tashi daga saman katod, wato sandar da ilektaron ke fitowa daga jikinta, idan wutar lantarki ta yi tsalle tsakanin sanduna biyu a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Da yake babu iskar da za ta ɗauki wutar, ƙarfen katod ɗin ne da kansa ke narkewa ya turara, ƙwayoyinsa su rabu gida biyu: ilektaron, wato 'yan mitsitsin da ke ɗaukar wutar lantarki, da ayon, wato ƙwayar da ta rasa ilektaron ta zama mai cajin lantarki.

Wutar ba ta game fuskar katod baki ɗaya. Ɗigo-ɗigo take kamawa, kowanne faɗinsa 'yan maikuromita ne (maikuromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), bai kai kaurin silin gashi ba. Ɗigo bai daɗe da kamawa zai mutu, wani ya kama a gefensa, shi ya sa ake ganin hasken kamar yana yawo. A 1966 Gennady Mesyats da abokan aikinsa a Tomsk, cikin Saiberiya, suka nuna cewa 'yar ƙaramar fashewa ce ke haifar da ɗigon: wuta mai yawa ta cunkushe a wani ɗan tsini na ƙarfen, ya yi zafi cikin nanosakan kaɗan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), ya tarwatse.

A bakin wannan ɗigo ne ilektaron ke samun zafinsu. Ƙarfin lantarki yana ingiza su, su kuma suna ta karo da ayon a wurin da filazma ta fi cunkoso, gudun nasu ya rikiɗe ya zama zafi. A katod na jan ƙarfe zafin kan kai wajen ilektaron-bolt 3.5 (ma'aunin kuzarin ilektaron), kimanin digiri 40,000 ke nan, alhali wutar da ke tsakanin sandunan ba ta wuce bolt 20 da ɗoriya ba. Yadda ilektaron suka yi zafi, haka suke fizge 'yan uwansu daga jikin ƙwayoyin ƙarfe. Ƙwayar kabon takan rasa ɗaya, ta jan ƙarfe wajen biyu, ta tangistin wajen uku. Da filazma ta bazu ta yi nesa da ɗigo, karo ya ragu, sai kowace ayon ta tafi da cajin da ta samu. Saboda haka masu bincike ke auna cajin daga nesa su gane zafin da aka yi a wurin da na'ura ba ta iya shiga.

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Bisa ƙa'ida katod ya kamata ya janyo ayon, amma ga su suna tserewa zuwa anod, wato ɗaya sandar, da gudun fiye da kilomita 10 a sakan guda. Tun 1930 wani mai bincike mai suna Tanberg ya auna wannan feshi. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne matsin ilektaron masu zafi da gogayyarsu ne ke tura ayon gaba.

Idan wutar ta ɗan gajeren bugu ce, lamarin ya fi tsanani. A maikurosakan na farko (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) zafi da caji sun fi yawa, daga baya su sauka. In kuwa bugun ya kai dubban amfiya, maganaɗisun da wutar ta haifar yakan shaƙe filazmar ya matse ta, har wani ɗan gurbi ya haura digiri miliyan 10 ya fitar da hasken eksirai.

Hausawan da ke aikin lantarki a Jidda da Makka suna hulɗa da wannan kimiyya kullum, ko da ba su gan ta da ido ba. Yawancin sababbin makatsan wuta na layin kilobolt 13.8 kwalabe ne marasa iska, bakinsu na gamin jan ƙarfe da kuromiyam. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a sakan, ke nan tana faɗowa sifili sau 120. Idan bakin makatsin ya buɗe wuta ta yi tsalle, a daidai wannan sifili ɗigon katod ke mutuwa, tururin ya daskare a jikin ƙarfe, layi ya katse. Bakin dirila mai ruwan zinariya da ake sayarwa a shagunan kayan gini ma, sau da yawa da irin wannan filazma ake shafa masa taitaniyam naitiraid don ya jure ci.